Ƙafa 16, 18 ko 20? Zaɓen jirgin kamun walleye a manyan tafkuna masu iska

Kifin walleye, wanda ake samu a tafkunan Arewacin Amurka, yana da wani hali da ke jefa masu nemansa cikin tsaka-mai-wuya: ya fi cin fatsa a ranar da ruwa ya fi rashin daɗin shiga. A can cikin idonsa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, irin wanda ke sa idon mage ƙyalli da dare, don haka a duhu-duhu ya fi ƙananan kifayen da yake farauta gani. Idan rana ta take, ruwa ya kwanta, sai ya yi ƙasa ya lafe. Da iska ta taso ta yamutsa saman ruwa, ta tayar da laka a gefen duwatsu, haske ya ragu, sai ya fito kiwo. Masunta a Minesota da Dakota da Ohayo a Amurka, da 'yan uwansu na Manitoba a Kanada, ba sa murna da ranar da tafki ya yi shiru. Iska suke so, amma daidai gwargwado, ita kuwa iska ba ta san gwargwado ba.

Daga nan ne muhawarar da ba ta ƙarewa take tasowa. Duk wanda ya tara kuɗin sayen jirgi a wannan yanki, tambayarsa ta farko ita ce ƙafa nawa zai saya. Da ƙafa suke auna jirgi: ƙafa 16 bai cika mita 5 ba, 18 mita biyar da rabi ne, 20 kuwa ya ɗan haura mita 6. A ganina an ɗauko tambayar daga wutsiya. Abin da ya kamata mutum ya fara sani shi ne wane tafki zai shiga, kilomita nawa zai yi nesa da gaɓa, kuma ta ina zai komo idan iska ta juya da la'asar. Fita da safe kusan kowane jirgi yana iyawa. Komowa ce ke tona asirin jirgi.

Tafkunan nan ba halinsu ɗaya ba, ko da dukansu ana ce musu manya. Erie shi ne mafi ƙarancin zurfi a cikin manyan tafkuna biyar na Arewacin Amurka. Tsawonsa kilomita 388, matsakaicin zurfinsa mita 19 kacal, ɓangarensa na yamma kuwa, wajen Port Clinton inda ake tururuwar kamun walleye da bazara, bai fi mita 7 zuwa 8 ba. Abin da ya ƙara masa mugunta shi ne kwanciyarsa: ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, daidai hanyar da iska ta fi bi. Iska takan tura ruwan gaba ɗaya zuwa kai ɗaya. A 1844 irin wannan turi ya tara ruwa mai tsayin ƙafa 22 a Buffalo, birnin da ke kan tafkin na arewa maso gabas, mutum 78 suka rasu. Mille Lacs na Minesota ƙarami ne idan aka gwada da Erie, murabba'in kilomita 536, zurfinsa bai wuce mita 13 ba, amma kusan zagayayye ne kuma babu wurin fakewa a tsakiyarsa. 'Yan tsibiran duwatsun da ke cikinsa tsuntsaye kawai suke amfana da su. Kifin kuma da rani yakan koma tudun laka da ke can tsakiya, nesa da gaɓa. Lake of the Woods, da ke kan iyakar Amurka da Kanada, tafki biyu ne a suna ɗaya: arewacinsa tsibirai sama da 14,000 ne, ko wace iska ta taso akwai bayan da za a raɓa, kudancinsa kuwa fili ne fetal. Oahe, wanda madatsar ruwa ta tara a kan kogin Missouri, siriri ne mai tsawon kilomita 372. Idan iska ta ratsa shi ta gefe, da sauƙi. Idan ta bi tsawonsa, sai dai a nemi lungu a shige. Tafkin Winnipeg ya haura murabba'in kilomita 24,000, matsakaicin zurfinsa mita 12. Mai kamun kifi tsakanin tsibirai da mai fita tsakiyar Erie ba jirgi ɗaya suke buƙata ba, ko da kifi ɗaya suke nema.

Me ya sa ake ta nanata zurfi? Abu huɗu ne ke haɗa igiyar ruwa: ƙarfin iska, daɗewarta tana kaɗawa, nisan filin ruwan da ta ratso ba tare da cikas ba, da zurfin wurin. A ruwa mai zurfi da faɗi, igiya tana samun damar miƙewa, ta yi doguwa mai gangare a hankali, jirgi ya hau ya sauka. A ruwa marar zurfi ƙasa tana taka mata birki, sai ta taƙure, ta miƙe tsaye, ta matso kusa da 'yar uwarta. Idan tsayinta ya kai kusan kashi ɗaya cikin bakwai na tazarar da ke tsakaninta da ta gaba, sai kanta ya karye. Shi ya sa igiya mai mita ɗaya a yammacin Erie ta fi mai mita biyu a teku wahalar da ƙaramin jirgi. Tuƙi a kanta kamar gudu ne da mota a hanya mai gargada: ba zurfin rami ɗaya ne ke kashe mota ba, yawansu ne da kusancinsu.

Akwai maganar da dillalai ke yawan yi, cewa dogon jirgi yana ɗora kansa a kan igiya biyu lokaci guda, ba ya faɗawa tsakaninsu. Gaskiya ce, amma rabi. Igiyar da ke zuwa duk daƙiƙa 2 tazararta kusan mita 6 ce, a nan kam jirgi mai ƙafa 20 zai haye inda mai 16 ke dukan ruwa da ƙirji. Wadda ke zuwa duk daƙiƙa 3 tazararta ta kai mita 14, ta daƙiƙa 4 kuwa wajen mita 25 a ruwa mai zurfi. Babu jirgin da ake ja da mota da zai haye wannan. Idan ruwa ya kai nan, kowa hawa yake yana sauka, sai dai wani ya fi wani shan wuya.

To me tsayin yake ƙarawa? Nauyi da girman ciki. Idan aka faɗaɗa jirgi daga ƙafa 16 zuwa 20 ta kowace fuska, tsayi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, amma girman cikinsa ya kusa ninkawa. Ƙafa biyu a takarda ba komai ba ne, a ruwa kuwa wani jirgi ne daban. Mai nauyi yana yanka igiya, marar nauyi igiya ke wasa da shi. A nan ne bambancin alminiyam da faibagilas yake shigowa. Na alminiyam, irin waɗanda kamfanin Lund ke ƙerawa a Minesota tun 1948, ba su da nauyin ja, suna jure gugar dutse da janyewa kan tsakuwa, ƙaramin inji ma yana tura su. Na faibagilas, irin na Ranger, sun fi nauyi, kuma da yake a mazubi ake zuba su, ana iya lanƙwasa goshinsu yadda zai watsar da ruwa gefe maimakon ya watso wa mutanen ciki. Wanda ya taɓa yin awa guda yana shan feshin ruwan sanyi a fuska ba zai raina wannan ba.

Sai dai jirage biyu masu tsayi ɗaya suna iya zama kamar ba dangi ba. Wanda aka ƙera don kamun kifi a lungunan da ruwa ke kwance yakan kai ƙafa 20, ga faffaɗan dandamali a sama, ga gefe gajere kusa da ruwa. A Mille Lacs ranar iska, mai ƙafa 17 da zurfin ciki ya fi shi nesa ba kusa ba. Abin dubawa shi ne ƙasan jirgin: mai tsini kamar harafin V tun daga goshi har baya, ko shimfiɗaɗɗe? Sai tsayin gefensa daga ruwa, sai zurfin wurin tsayuwa. Mutum ya tsaya a ciki ya ga inda gefen ya kai masa. Idan a gwiwa ko sama ne, yana da abin jingina lokacin da ya sunkuya zai ɗauko kifi da raga jirgi na tangaɗi. Idan a ƙauri ne, igiya ɗaya ta isa ta kai shi ruwa.

Wurin da aka fi mantawa shi ne bayan jirgi, inda inji yake rataye. Nan ne mafi ƙasa a jiki, nan ne nauyi ya taru: babban inji, ƙaramin inji, batura, sau da yawa har da matuƙi. Yawancin jiragen nan ana yanka bayansu ne don inji mai sandar da tsawonta inci 20 ne ko mai inci 25, kuma inci biyar ɗin nan sun fi ƙarin ƙafa guda a tsayi muhimmanci a babban ruwa. A lissafa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Igiya ta shigo ta baya ta zuba lita 200, kamar an ƙara ƙarti biyu ko uku ne a wurin da ya riga ya yi ƙasa, kuma ƙartin da ba sa zama wuri ɗaya, duk inda jirgi ya karkata can za su ruga. Famfon kwashe ruwa da aka rubuta masa galan 800 a awa yana fitar da kimanin lita 50 a minti, a takarda ke nan, a aikace bai kai ba. Yana buƙatar minti huɗu ko fiye. Igiya ta gaba kuwa tana nan tafe cikin daƙiƙa uku, kuma za ta tarar da bayan jirgin ya fi ɗazu nutsewa. Ba kifewa ce ta fi cin ƙananan jirage a irin wannan ruwa ba, cika ce ta baya, musamman idan inji ya mutu jirgi ya juya wa iska baya, ko wani ya ɗaure anka a baya maimakon goshi. Famfo biyu, ɗaya mai tashi da kansa, ba almubazzaranci ba ne.

Kan inji maganar gajera ce. Kowane irin wannan jirgi da bai kai ƙafa 20 ba dokar Amurka ta wajabta a liƙa masa faranti mai nuna iyakar nauyin da zai ɗauka da iyakar ƙarfin injin da za a ɗaura masa. A sayi inji kusa da wannan iyaka. Ba don gudu ba, gudu ba ya yiwuwa a ranar iska. Don a iya ɗaga goshi a hau igiya, a kuma iya zama a bayan wadda ke gaba lokacin da iska ke biye da jirgi, ba tare da an zarce an soka goshi cikin ta gaba ba, ba kuma tare da ta baya ta cimma mutum ba. Babban jirgi da ƙaramin inji, don a rage kuɗi, shi ne cinikin da ya fi kowane muni.

Har yanzu tafiya kawai muke magana, ba mu fara kamun kifin ba, kuma a nan ne lissafin yake juyawa. Walleye ba kifin da ake jefa wa fatsa ko'ina ba ne. Yakan jeru a kan wani layi, gefen tudu a ƙarƙashin ruwa, inda zurfi ya sauka daga mita 6 zuwa 8 misali, kuma aikin masunci shi ne ya riƙe jirgi a kan wannan layi yana tafiya a hankali, wani lokaci ƙasa da tafiyar mai ƙafa. Dogon gefen da ya kare ka daga igiya shi ne kuma iska ke kamawa ta tura ka. Gilashin gaba mai faɗi, wanda iyali ke so saboda sanyi, shi ma tura jirgi yake. Shi ya sa har gobe akwai tsofaffin hannu a Minesota da ba sa yarda da sitiyari. Nasu jirgin mai inji ne da ake riƙe wa hannu a baya, ciki fili babu komai, kuma suna kamun kifi ne da baya-baya: a juya bayan jirgi ga iska, a sa giyar baya, a riƙa jan tana a hankali a kan layin. Bayan jirgi ya fi goshi biyayya a irin wannan tafiya. Amma dabarar tana kai wuri mafi rauni ga igiya kai tsaye, don haka suke ɗaura allunan tare ruwa a bayan. Wannan mutum jirgi mai ƙafa 17 ko 18 ya fi masa mai 21 amfani, kuma ba rowa ce ta sa shi ba.

Injin lantarki na goshi, wanda ake tura jirgi da shi a hankali lokacin kamun kifi, ya sauya wannan lissafi ƙwarai. Na yanzu, irin na Minn Kota, suna riƙe jirgi a wuri ɗaya da taimakon tauraron ɗan'adam ba tare da an jefa anka ba, abin da ya sa babban jirgi ya fi da sauƙin sarrafawa. Amma kowane ƙarin girma yana jawo nasa: jirgi mai ƙafa 20 yana son inji mai batura uku maimakon biyu, da doguwar sanda, inci 72 maimakon 60, in ba haka ba duk lokacin da goshi ya ɗaga farfela za ta fito tana sarar iska. A Erie kuma salon daban ne. Can ana jan kifin roba ne a buɗaɗɗen ruwa, sanduna da yawa a jere, da alluna masu kai zare gefe da gefe, ƙaramin inji mai ƙarfin doki 9.9 yana turawa. Wannan aiki faɗin ciki yake so da wurin da mutum uku ko huɗu za su yi motsi ba su harɗe ba. Ƙaramin injin kuma shi ne zai mayar da kai gida ranar da babban ya ƙi tashi, kilomita 15 daga gaɓa.

Idan za a matsa mini in faɗi lamba, ga yadda nake gani. Ƙafa 16 mai zurfin ciki ya wadatar wa mutum biyu a wuri mai tsibirai da lunguna, ko ga wanda ke zaune kusa da tafki, yana iya duba sama ya ce yau ba zan fita ba, gobe ma rana ce. Ƙafa 17 da rabi zuwa 18 da rabi shi ne inda yawancin mutane ya kamata su tsaya don irin su Mille Lacs da Oahe da kudancin Lake of the Woods: yana ɗaukar mutum uku, yana jure igiyar da ake kamun kifi a cikinta da hankali, mutum ɗaya yana iya sauke shi ya ɗora shi a tirela. Wanda Erie ko Winnipeg ne ruwansa na kullum, yana kuma yin nisa, ya fara daga 20. Kuma wanda zai tuƙa mota awa shida don hutun kwana uku, shi ma ya karkata sama, domin a gaskiya ba zai zauna a masauki yana kallon tafki ba, zai shiga ko da bai kamata ba.

Kada a yi koyi da 'yan gasa. Jiragensu na faibagilas masu ƙafa 21 ko 22, da inji mai ƙarfin doki 300 ko fiye, kuɗinsu yakan haura dala 100,000. Su an sa musu rana, dole su fita, dole su yi nisa da gudu su komo kan lokacin awon kifin da suka kama. Mai kamun nishaɗi ba wanda ya sa masa wannan wajibi. Kuma kuɗin jirgi ba ya ƙarewa a jirgi. Mai ƙafa 20 da injinsa da mai da batura da tirela yakan kai tan biyu, wato sai babbar mota. Tirela mai aksil biyu, taya huɗu ke nan. Gareji da yawa ba sa ɗaukarsa, domin inji a baya da hancin tirela a gaba suna ƙara ƙafa uku ko huɗu, ga shi a wannan yanki jirgi yakan yi watanni a ajiye tafki na daskare. Jirgin da fitar da shi ya zama aiki, zaman gida yake yi.

Akwai kuma wani abin mamaki game da lambar 20. Dokar da ta tilasta a cusa soso a jikin jirgi don kada ya nutse idan ya cika da ruwa, jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba ta shafa. Masu injin waje a wannan rukuni ana buƙatar su tsaya a kwance a saman ruwa ko sun cika. Daga 20 zuwa sama ya rage ga kamfani. Da yawa suna sawa, amma mai saye ya tambaya, kada ya ɗauka girma ya haɗa da wannan.

Abin da ya fi damuna da babban jirgi shi ne yadda yake sauya tunanin mai shi. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana fitar da gargaɗi ga ƙananan jirage a manyan tafkuna idan iska ta kai kusan kilomita 41 zuwa 61 a awa, ko igiya ta haura ƙafa 4, kuma ba ta ƙayyade ƙafa nawa ne ƙaramin jirgi ba. Mai ƙafa 16 ya san da shi ake. Mai ƙafa 21 yakan ɗauka da wasu ake, alhali a idon Erie shi ma ƙarami ne. Sannan tsayin igiyar da ake sanarwa matsakaicin manyan ne, kashi ɗaya cikin uku mafi tsayi, don haka jefi-jefi wata za ta zo ta kusa ninka abin da aka faɗa. Lokacin buɗe kamun walleye a Minesota tsakiyar watan Mayu ne, ƙanƙara ba ta daɗe da narkewa ba. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya yi suna kan binciken faɗawa ruwan sanyi, ya taƙaita abin da 1-10-1: minti ɗaya na ƙoƙarin daidaita numfashi, kimanin minti goma kafin hannu da ƙafa su daina biyayya, kusan awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Awar nan ta wanda ke sanye da rigar hana nutsewa ce. Rahotannin dakarun tsaron gaɓar ruwan Amurka shekara da shekaru suna nuna cewa mafi yawan waɗanda suka nutse ba sa sanye da ita. Tun 2021 kuma doka ta wajabta wa matuƙin jirgin da bai kai ƙafa 26 ba ya maƙala igiyar kashe inji a jikinsa idan yana gudu, don kada ya faɗa ruwa, jirgi ya ci gaba da zagaye a kansa.

Dillali yakan so a gwada jirgi da safe, ruwa na kwance, tanki kusan babu mai, mutum biyu a ciki. Wannan gwaji ba ya nuna komai. A nemi ranar da iska ke kaɗawa, a cika tanki da ma'ajiyar kifi, a ɗauki adadin mutanen da za a riƙa fita da su. A fuskanci igiya, a ba ta gefe, a ba ta baya. Sannan a cire giyar inji, a bar jirgin ya juya yadda ya ga dama, mutum biyu su koma baya su tsaya kamar suna ɗauko kifi, a duba inci nawa suka rage tsakanin ruwa da bakin allon da inji ke rataye. Wanda ba shi da dillalin da zai yarda da haka, ya biya ɗaya daga cikin masu kai baƙi kamun kifi a wannan tafkin kuɗin yini guda, ya zauna a jirginsa ranar iska, ya kuma leƙa mashigar jirage ya ga irin waɗanda 'yan gari ke saukewa da irin waɗanda aka bari a kan tirela.